Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo: Haƙurin shekara takwas da mulkin shekara goma

A tarihin Sarakunan Musulmi na baya-bayan nan, da wuya a sami wanda aka jarraba haƙurinsa a bainar jama'a kamar Alhaji Muhammadu Macciɗo, na 19 a jerin waɗanda suka hau karagar Daular Usmaniyya. Ɗa ne ga Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, wanda ya yi shekara 50 yana mulki, daga 1938 zuwa 1988.

Macciɗo ya tashi cikin aikin En'e, ya riƙe sarautar Sarkin Kudu, ya kuma zauna a Majalisar Dokokin Jihar Arewa. Bayan ƙirƙiro jihohi ya zama kwamishina a Jihar Arewa Maso Yamma. A zamanin Shugaba Shehu Shagari kuwa, shi ne jami'in da ke sada fadar shugaban ƙasa da Jihar Sakkwato. Saboda haka ya san aikin ofis kamar yadda ya san zaman fada.

Da mahaifinsa ya rasu a watan Nuwamban 1988, sai labari ya bazu cewa shi masu zaɓen sarki suka tsayar. Amma gwamnatin soja ta Janar Ibrahim Babangida ta bai wa Alhaji Ibrahim Dasuƙi. Tarzoma ta ɓarke a Sakkwato, aka yi asarar rayuka. Macciɗo ya rungumi ƙaddara, ya koma gefe har shekara takwas. A Afrilun 1996 gwamnatin Janar Sani Abacha ta tuɓe Dasuƙi, sarautar ta dawo hannunsa. Ikon sojan da ya hana shi ita, shi ne ya miƙa masa ita, kuma wannan ya nuna yadda makomar tsohuwar masarauta ta rataya ga hukuncin masu riƙe da gwamnati.

A matsayinsa na shugaban Majalisar Ƙoli ta Harkokin Addinin Musulunci da Jama'atu Nasril Islam, an san shi da kiran a zauna lafiya a lokutan rikicin addini. Ya kuma mara wa rigakafin shan-inna baya sa'ad da shakku ya mamaye Arewa.

Ajalinsa ya riske shi a Abuja ranar Lahadi, 29 ga Oktoban 2006, kwanaki kaɗan bayan ƙaramar Sallah. Ya shiga jirgin kamfanin ADC mai zuwa Sakkwato, samfurin Boeing 737 da aka ƙera a 1983, wanda ya daɗe yana jigila a Amurka kafin a kawo shi Najeriya. Jirgin ya tashi daga filin jirgin Nnamdi Azikiwe cikin hadari, ya gamu da iska mai sauya alƙibla farat ɗaya, ya rasa ƙarfin ɗagawa, ya faɗa cikin gona kusa da filin. Mutum 96 cikin 105 suka rasu, har da ɗansa Sanata Badamasi Macciɗo da Sanata Sule Yari Gandi da mataimakin gwamnan Sakkwato. Masu bincike sun ɗora alhakin a kan shawarar tashi cikin irin wannan yanayi, da kuma yadda matuƙan suka sarrafa jirgin bayan iskar ta buge shi.

Wannan ne babban hatsarin jirgin fasinja na uku cikin kusan shekara guda, bayan na Bellview a Oktoban 2005 da na Sosoliso a Disamba. Shugaba Olusegun Obasanjo ya ayyana makokin kwana uku, aka dakatar da lasisin ADC, aka sauya ministan sufurin jiragen sama, aka kuma sanya hannu kan sabuwar dokar sufurin sama kafin shekarar ta ƙare. Gyaran ya zo, amma sai da aka rasa rayuka sama da 300 kafin ofisoshin da ke da alhakin sa ido su farka.

An binne Macciɗo a Hubbaren Shehu, kusa da mahaifinsa. Ƙaninsa Muhammadu Sa'ad Abubakar ya gaje shi ranar 2 ga Nuwamba. Allah Ya jiƙansa da rahama.