Alhaji Ahmadu Dantata: Ɗan kasuwar da ya shiga majalisar Kaduna

Idan aka ambaci gidan Dantata, sunan Alhassan ne ke fara zuwa baki, sai Sanusi da Aminu. Ba kasafai ake tuna Ahmadu ba, alhali shi ne ya riƙe ragamar kasuwancin gidan bayan rasuwar mahaifinsu, kuma shi ne ya fara buɗe wa zuriyar ƙofar majalisar dokoki.

An haife shi a 1916. Tushen gidan Bebeji ne, ƙaramin gari a kudancin Kano, inda aka haifi Alhassan a 1877 cikin Agalawa, fataken da suka shahara da safarar goro daga Gwanja. Ahmadu ya tashi ne lokacin da ciniki ya sauya salo. Jirgin ƙasa ya riga ya iso Kano, gyaɗa ta kama hanyar Legas zuwa matsun mai na Turai, mahaifinsa kuwa ya zama babban mai saya wa kamfanin UAC. A tsakanin sikeli, buhuna da dalar gyaɗa ya koyi sana'a.

Da Alhassan ya rasu a watan Agustan 1955, 'ya'yansa ba su wargaza kasuwancin ba. Ahmadu ya zama shugaban kamfanin Alhassan Dantata & Sons.

A nan ne siyasa ta shigo, kuma ba da wasa ba. Tun daga 1954, hukumar ciniki ta Jihar Arewa ce ke yanke farashin gyaɗa da auduga, ita ce kuma ke ba da lasisin saye. Abin da a da ake daidaitawa da Bature a kanti ya koma hannun gwamnatin Kaduna, wadda Sardaunan Sakkwato, Sa Ahmadu Bello, ke jagoranta. Attajirin da ba shi da murya a can, wasu ne za su yanke masa hukunci a kan dukiyarsa. A zaɓen 1956, Ahmadu ya shiga Majalisar Wakilai ta Jihar Arewa a ƙarƙashin jam'iyyar NPC.

Majalisar da ke zama a zauren Lugard cike take da ma'aikatan En'e, hakimai da tsofaffin malaman makaranta. Mutanen kasuwa 'yan tsiraru ne a cikinta. Ba kuma kowa ne ya yi murna da irin wannan haɗuwa ta kuɗi da sarauta ba: 'yan NEPU na Malam Aminu Kano suna ganin talakan da ya noma gyaɗar ne aka bari a baya, kuma ƙorafin nasu yana da tushe.

Yana cikin majalisar Arewa ta samu mulkin kai a 1959. Ya rasu a 1960, shekarar da Nijeriya ta samu 'yanci, bai cika shekara 45 ba. Ƙanensa Aminu, wanda yake mataimakinsa a kamfanin, ya gaje shi, daga baya shi ma ya zauna a wannan majalisar.