Phil Ochs: Mawaƙin da ya mayar da waƙa jarida

Aikin jarida Phil Ochs ya karanta a jami'ar jihar Ohio ta Amurka, kuma ko da ya bar karatun ya rungumi jita, bai daina kallon kansa a matsayin ɗan jarida mai rera labarai ba.

An haife shi a ranar 19 ga watan Disamban 1940 a garin El Paso na jihar Texas. A shekarar 1962 ya koma birnin New York, inda ya yi zamani da Bob Dylan a unguwar Greenwich Village, matattarar masu waƙoƙin gargajiya.

Daga kanun labarai yake ɗauko jigon waƙoƙinsa: wariyar da ake nuna wa baƙar fata, halin da ma'aikatan haƙar kwal ke ciki, da kuma yaƙin Vietnam. Waƙarsa ta 1965 mai suna I Ain't Marching Anymore ta zama tamkar taken masu adawa da wannan yaƙi.

Dylan ya janye jiki daga waƙoƙin siyasa tun da wuri, amma Ochs ya tsaya a kai. A 1968 yana cikin masu zanga-zanga a birnin Chicago yayin babban taron jam'iyyar Democrat, kuma irin dukan da ya ga 'yan sanda sun yi wa matasa ya karya masa gwiwa ƙwarai.

Daga baya ya karkata ga kiɗan rock. A 1970 ya hau dandalin Carnegie Hall cikin tufafi masu ƙyallin zinariya irin na Elvis Presley, abin da ya sa wasu magoya bayansa suka yi masa ihu.

A 1973 wasu 'yan fashi suka shaƙe shi a birnin Dar es Salaam na Tanzaniya, lamarin da ya lalata masa murya. A wannan shekarar ce kuma sojoji suka kashe abokinsa Victor Jara, mawaƙin ƙasar Chile. Ochs ya shirya bikin waƙa a New York a 1974 domin taimaka wa 'yan gudun hijirar Chile, inda Dylan ma ya halarta.

Taɓin hankali da shaye-shaye sun ci ƙarfinsa, ya kuma kashe kansa a ranar 9 ga watan Afrilun 1976 yana da shekara 35.

Bayan mutuwarsa aka gano cewa hukumar FBI ta tara bayanai a kansa da suka kai ɗaruruwan shafuka.