Bayajidda: Baƙon da ake son mayarwa uban kowa

Kwanakin baya, ina cikin koyar da darasin tarihin harshe, wani ɗalibina ya ɗaga hannu yana riƙe da wayarsa, ya nemi in raba musu gardamar da aka kwana ana tafkawa a Facebook da TikTok. Wasu sun dage cewa Bahaushe Balarabe ne daga Bagadaza, tun da Bayajidda ne kakansa. Wasu kuma, musamman masu kiran kansu Hausawa zalla, sun ce labarin ƙarya ne tsagwaronta, an ƙirƙiro shi ne don a nuna Bahaushe baƙo ne a ƙasarsa. Da na leƙa wayar, zagin ya fi hujjar yawa, har an kai ga ambaton iyaye. Na tambayi ajin ko akwai wanda zai iya ba ni labarin daga farko zuwa ƙarshe. Mutum biyu kacal suka gwada, kuma dukansu a bakin rijiya suka tsaya. Wannan ne ya sa na ga ya kamata in kawo wa mai karatu rayuwar mutumin yadda Daurawa suka adana ta, tare da abin da sana'ata ta nazarin harshe ta nuna mini a ciki.

Tarihin baka ya ce sunansa Abuyazidu, ɗan sarkin Bagadaza ne, saɓani ya raba shi da gida ya fito da rundunarsa har ya sauka Borno. Mai na Borno ya aurar masa da 'yarsa, sa'annan ya riƙa janye masa mayaƙa kaɗan-kaɗan, yana tura su garuruwa. Da baƙon ya farga an kusa cinye shi, sai ya sulale da dare da matarsa mai juna biyu, suka nufi yamma. A Garun Gabas, cikin ƙasar Haɗeja ta yau, ya bar ta, ta haifi Biram. Shi kuwa ya wuce Gaya, inda maƙera suka ƙera masa wuƙa. Ke nan mutumin da ya iso Daura ba shi da runduna, ba shi da iyali, sai dabbar da yake bisa da wuƙar da maƙeran ƙasar suka yi masa.

Ya iso da dare ya sauka gidan wata tsohuwa mai suna Ayana, ya roƙi ruwa. Ta shaida masa cewa wani maciji da ake kira Sarki ya tsare rijiyar Kusugu, ba a ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Ya karɓi guga ya tafi, macijin ya fito, ya sare kansa ya jefa a jaka, ya sha ya shayar da dabbarsa. Da gari ya waye aka yi ta iƙirari, kowa na cewa shi ya yi aikin, amma ba mai kan macijin sai baƙon gidan tsohuwa. Sarauniya Daurama, wadda ta yi alkawarin rabin gari ga wanda ya kashe shi, ta aika aka kirawo shi, sai ya zaɓi aurenta a maimakon rabin garin.

Yanzu mai karatu ya dubi garin da baƙon ya tarar. Akwai sarauniya a kan gado, kuma Girgam, wato jerin sarakunan Daura, ya lissafa mata da dama da suka riga ta tun daga Kufuru, a zamanin da fada take Tsohon Birni. Akwai masu sarauta, akwai rijiya da dokar ranar ɗiban ruwa, akwai tsohuwa mai saukar baƙi, a Gaya kuma akwai maƙera masu sarrafa ƙarfe. Wanda ya ce Bayajidda ne ya haifi Hausawa sai ya gaya mana ko su wane ne waɗannan mutane, kuma da wane harshe Ayana ta yi masa gargaɗi. Labarin da kansa bai taɓa cewa shi ne asalin jama'a ba. Abin da ya ce shi ne daga tsatsonsa gidajen sarauta suka fito, kuma tsakanin maganganun biyu akwai tafiyar kwana da kwanaki.

Sunan nasa ma shaida ne. Tun muna yara ake gaya mana cewa Bayajidda na nufin wanda ba ya jin Hausa a da. Masana harshe suna kiran irin wannan fassarar jama'a, wato mutane su ji baƙuwar kalma su sassaƙa mata ma'ana daga harshensu. A tawa fahimtar sunan ya fi kama da Abuyazidu da bakin Bahaushe ya lanƙwasa. Harafin farko yakan faɗi, kamar yadda Abubakar ke komawa Bubakar, kuma z takan koma j a gaban wasalin i, abin da muke yi kullum ba mu lura ba: kaza da kaji, maza da miji, ciza da ciji. To amma ko da fassarar jama'a ce, ta adana abin da kakanninmu suka yi imani da shi, cewa mutumin ya zo ya tarar ana magana da harshen da bai iya ba. Haka zancen cewa kalmar sarki ta samo asali daga laƙabinsa na Makas-Sarki. Kalmar da ta yi rassa irin sarauta da sarauniya da sarakuna ta daɗe da kafa saiwa a harshe, kuma ai macijin ma sunan da yake amsawa ke nan kafin a kashe shi.

Harshen Hausa kuwa danginsa na nan kusa da mu. Tun bayan rabe-raben da Joseph Greenberg ya kammala a 1963, masana sun daidaita a kan cewa Hausa na cikin iyalin harsunan Cadi, masu yawan da ya haura 100, tare da Bolanci da Karekare da Ngizim da Bade da Angas da Tangale. Iyalin Cadi da Larabci da harsunan Buzaye suna da kaka ɗaya, amma rabuwarsu ta girmi Bagadaza da dubban shekaru, domin a shekarar 762 aka gina birnin. Larabcin da ke cikin Hausa aro ne, ya shigo ta ƙofar addini da karatu da fatauci. Shi ya sa muke ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu da namu, sai mun kai ashirin da talatin mu koma na aro, alhali tsofaffi suna da gomiya biyu da gomiya uku. Wani abin lura kuma shi ne kalmomi irin su kasuwa da rubutu, da sarautu irin su Galadima da Ciroma, ta hannun Barebari suka iso mana. A nan harshe da labari sun yi daidai, domin labarin ma ta Borno ya biyo da baƙonsa.

Shin akwai mutum na haƙiƙa a bayan sunan? A 1966 W. K. R. Hallam ya ƙarfafa ra'ayin da ke danganta shi da Abu Yazid, wani malami daga Barbar na Zanata, da aka fi sani da mai jaki, wanda ya tayar wa daular Faɗimiyya a ƙasar Tunisiya ta yau, ya ci Ƙairawan a 944, aka murƙushe shi ya rasu a 947. Shi dai bai zo Daura ba, amma ba abin mamaki ba ne magoya bayansa da suka watse su gangaro kudu da sunansa. Lissafin da H. R. Palmer ya yi wa tarihin Kano ya ɗora hawan Bagauda, jikan Bayajidda, a 999, wanda bai yi nisa da wancan zamani ba. Marigayi Abdullahi Smith na Jami'ar Ahmadu Bello ya ƙi yarda, ya nuna a 1970 cewa birane da sarautun Hausa sun tsiro ne sannu a hankali daga ƙauye zuwa gari zuwa birni, ba sai da baƙo ya zo ya kafa su ba. Ni na fi karkata ga Smith, ko da yake ban ga dalilin jefar da sunan Abu Yazid gaba ɗaya ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma, a Infaƙul Maisuri, ya kawo wata ruwaya dabam da ta danganta Bawo da Borno, ba tare da zancen Bagadaza ba.

Ragowar rayuwarsa a cikin gida ta ƙare, kuma nan ne siyasar labarin take. Sarauniya ta ba shi kuyanga, Bagwariya, ta haifi ɗa ta sa masa Karɓagari. Daga baya ita ma Daurama ta haifi Bawo, sunan da ake fassarawa da neman a maido garin. Rikicin gado ne tsakanin ɗan ɗaki da ɗan kuyanga, irin wanda duk mai bibiyar labaran masarautunmu ya sani. 'Ya'yan Bawo shida suka riƙe Daura da Kano da Katsina da Zazzau da Gobir da Rano, aka haɗa da Biram suka zama Hausa Bakwai. Zuriyar Karɓagari kuma aka ba su Kabi da Zamfara da Yawuri da Nupe da Gwari da Yarabawa da Kwararrafa, aka kira su da sunan da ba na son maimaitawa a aji. Duk wanda ya san Kabawa da Zamfarawa Hausa suke yi, kuma Kabi ta Kanta ta gagari maƙwabtanta a ƙarni na 16, ya san wannan jeri ba na harshe ba ne, ba na jini ba ne, jeri ne na wanda fada ta ɗauka nata da wanda ta ɗauka na waje a wani zamani. Duk da haka uba ɗaya labarin ya ba su gaba ɗaya, har da Bayarabe da Banufe, abin da masu zage-zagen intanet ba sa kaiwa gare shi domin ba sa wuce bakin rijiya.

Daura na da dalilin riƙe labarin fiye da kowa. A 1805 Malam Isiyaku ya ci garin da tutar jihadi, Sarkin Gwari Abdu ya fice, zuriyarsa suka zauna a Zango da Baure kusan shekara 100. A farkon ƙarni na 20 Turawa suka dawo da Malam Musa daga Zango, abin da bai faru ga gidan Katsina da ke Maraɗi ko na Zazzau da ke Suleja ba. Ɗansa Abdurrahman ya yi mulki daga 1911 zuwa 1966, Muhammadu Bashar ya biyo baya har 2007, sai Umar Faruk Umar. Gidan da ya yi ƙarni guda a waje yana jiran komawa, jerin kakanni shi ne takardar shaidarsa, don haka ba a yi wasa da shi ba. Har yau rijiyar Kusugu na nan a tsakiyar gari an kewaye ta da gini, ana ɗebo ruwanta a ba baƙo, kuma lokacin Sallar Gani akan tuna da labarin.

Abin da ya dame ni shi ne ruwayar da yaranmu suka sani ta littafin firamare ce, wadda aka taƙaita daga abin da Turawa irin su Palmer suka rubuta, alhali ruwayar Daura da ta Gaya da ta Garun Gabas kowace da nata ƙarin, kuma masu riƙe da su tsofaffi ne. Na gaya wa ɗalibin nan da abokansa cewa aikin zangon karatu mai zuwa shi ne su tafi garuruwan uku da wayoyin nan nasu, su durƙusa gaban dattawa su naɗo labarin da karin harshen kowane gari, su kawo mini mu rubuta shi yadda aka faɗa. Shida sun riga sun ba da sunayensu, ciki har da wata ɗaliba 'yar Zango da ta ce kakarta na ba da labarin Ayana fiye da na Bayajidda.