Likita Mila, Baturen Mishan na Zariya

An haifi Walter Miller, wanda Hausawa ke kira Likita Mila, a ƙasar Ingila cikin 1872. Ya koyi aikin likita a London, sa'an nan ƙungiyar mishan ta C.M.S. ta aika da shi Tarabulus don ya koyi Hausa a bakin fatake da alhazai.

Cikin 1900 suka taso daga Ikko su biyar, Bishop Tugwell ne madugunsu, suka yi ta tafiya har Kano. Sarki Alu bai karɓe su ba, ya ba su 'yan kwanaki su bar masa gari. Suka komo Girku cikin ƙasar Zazzau, a nan ɗayansu ya rasu.

Da Turawa suka ci Sakkwato cikin 1903, Gwamna Lugga ya yi alkawari ba za a taɓa addinin Musulmi ba. Saboda haka gwamnati ta daɗe tana hana 'yan mishan zama a ƙasar Sarkin Musulmi, balle garuruwa irin su Boɗinga da Shagari. Amma Mila ya sami shiga birnin Zariya cikin 1905, ya buɗe ɗakin magani da makaranta. Mutum ne marar haƙuri, in ya ji an yi zalunci sai ya kai ƙara wurin Razdan. Wannan hali ya haɗa shi da Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi, har ma da Turawan mulki 'yan'uwansa. Cikin 1929 aka fitar da mishan daga birni, aka kai ta Wusasa.

Abin da ya zo nema bai samu sosai ba, gama waɗanda suka bi addininsa kaɗan ne. Inda aikinsa ya tsaya shi ne wajen harshe da makaranta. Yana cikin waɗanda suka matsa wa Lugga a rubuta Hausa da boko, watau rubutun da malaman En'e suka riƙa cika littattafan haraji da shi. Shi ne kuma babba cikin masu juya Littafi Mai Tsarki da Hausa, aka buga shi cikin 1932. Cikin yaran makarantarsa aka sami R. A. B. Dikko, likita na farko daga Arewa.

Ya koma Ingila, zama bai yi masa ba, ya sake dawowa. Ya rasu a ƙasar Jos cikin 1952, yana da shekara 80.