Tarihin Likita Semmelweis, Mai Ceton Masu Jego

Idan aka tambayi ɗalibai sunayen masanan da suka taimaki duniya wajen kiwon lafiya, galibinmu mukan ambaci waɗanda suka ƙago allurai da manyan injuna. Ni kuwa ina so in ba 'yan'uwana tarihin wani likita wanda abin da ya kawo wa duniya shi ne a wanke hannu kafin a taɓa mace mai naƙuda. Sunansa Ignaz Semmelweis, mutumin ƙasar Hungari ta nahiyar Turai. Na zaɓe shi ne domin cutar da ya yaƙa, watau zazzaɓin jego, ba baƙuwa ba ce a Fagge inda nake zaune, ko a Sabon Gari maƙwabtanmu.

An haifi Semmelweis ran 1 ga Yuli, 1818, a garin Buda, wanda daga baya aka haɗe shi da garin Fes suka zama birnin Budafes. Ubansa ɗan kasuwa ne mai kantin kayan masarufi, shi ne kuma ɗa na biyar cikin 'ya'ya goma. A 1837 ya tafi Biyana, babban birnin Ostiriya, don ya karanta shari'a, amma bayan shekara guda sai ya koma karatun likita. Ya gama a 1844. A watan Yuli na 1846 aka naɗa shi mataimakin Farfesa Johann Klein a sashen haihuwa na farko na Babban Asibitin Biyana.

Wannan asibiti yana da sashen haihuwa biyu. A na farko ake koyar da ɗaliban likita, a na biyu kuwa ake koyar da ungozomomi. Ana karɓar mata ne bisa rana, yau wannan sashe, gobe wancan. To, abin mamaki shi ne mutuwa ta fi yawa a inda likitoci suke. Mace za ta haihu lafiya, bayan kwana biyu ko uku sai zazzaɓi mai zafi ya rufe ta, da rawar ɗari da ciwon mara, cikinta ya kumbura, kafin mako ya zagayo ta cika. Daga 1841 zuwa 1846, cikin haihuwa 20,042 a sashe na farko mata 1,989 suka mutu, watau kusan ɗaya cikin goma. A sashen ungozomomi kuwa, cikin haihuwa 17,791 mata 691 ne suka mutu. Matan gari sun san da wannan. Wasu sukan durƙusa suna kuka suna roƙon kada a kai su sashe na farko, wasu ma sukan gwammace su haihu a kan titi sannan su iso asibiti da jariri a hannu. Waɗannan da suka haihu a titi kuwa ba kasafai zazzaɓin ke kama su ba.

Manyan likitocin zamanin sun ce gurɓatacciyar iska ce ke kawo cutar. Semmelweis ya ga wannan bayani bai shiga hankali ba, gama iska ɗaya ce ke kaɗawa a sassan biyu. Sai ya ɗauki dalilan da ake faɗa ya riƙa gwada su ɗaya bayan ɗaya. Aka ce cunkoso ne, ya duba ya ga sashen ungozomomi ya fi cunkoso. Aka ce tsoro ne, domin limamin coci yakan ratsa ɗakin ana kaɗa ƙararrawa a gabansa idan zai je wurin mai jin jiki, sai ya roƙi limamin ya sake hanya kuma a daina kaɗa ƙararrawar, amma mutuwa ba ta ragu ba. Ya lura ungozomomi na kwantar da mace a gefenta lokacin haihuwa, ya sa aka yi haka a sashensa, nan ma ba abin da ya sake. A ganina, wannan shi ne wurin da ya kamata ɗalibi ya fi kula da shi a tarihin mutumin nan. Bai karɓi magana don babba ne ya faɗe ta ba, sai da ya auna ta da lissafin waɗanda suka rayu da waɗanda suka mutu.

Amsar ta zo masa ta hanyar baƙin ciki. A watan Maris na 1847 abokinsa Farfesa Jakob Kolletschka yana fiɗar gawa tare da ɗalibai, sai wuƙar wani ɗalibi ta yanke shi a yatsa. Ciwo ya kama shi, cikin 'yan kwanaki ya mutu. Da Semmelweis ya karanta rahoton binciken gawar abokin nasa, sai ya ga ɓarnar da cutar ta yi masa a ciki iri ɗaya ce da wadda yake gani a gawar masu jego. Nan take hankalinsa ya kai ga abin da ya bambanta sassan biyu. Likitoci da ɗalibansu sukan fara aikin safe a ɗakin gawa, daga can su wuce kai tsaye su duba mata masu naƙuda. Ungozomomi kuwa ba sa fiɗar gawa. Ashe hannun likita ne ke ɗauko cutar daga matattu ya kai wa masu rai, har da hannunsa shi kansa, domin yana cikin waɗanda suka fi kowa ƙwazon binciken gawa.

A tsakiyar watan Mayu na 1847 ya ajiye kwano a ƙofar ɗakin haihuwa, ya kafa doka kowa ya wanke hannu da ruwan kulorin kafin ya shiga. Ya zaɓi kulorin ne don ya lura sabulu ba ya kawar da warin gawa daga hannu, amma kulorin na kawarwa. A watan Afrilu na shekarar, mata 18 cikin kowane 100 suka mutu a sashensa. A watan Yuni adadin ya faɗo zuwa kimanin 2 cikin 100, a Yuli kuma kimanin 1. A watan Oktoba aka kwantar da wata mai ciwon dajin mahaifa wadda ke zubar da ruɓa, aka duba ta, aka wuce ga mata 12 da ke bayanta ba tare da an sake wanke hannu da kulorin ba, 11 suka mutu. Daga nan ya gane ba gawa kaɗai ke yaɗa cutar ba, ya ce dole a wanke hannu tsakanin kowace mace da ta gaba, a kuma wanke kayan aiki. A 1848 an yi wata biyu, Maris da Agusta, ba a rasa mace ko ɗaya ba a sashen.

Mai karatu zai zaci daga nan sai yabo da ƙarin girma, amma ba haka aka yi ba. Likitoci da yawa sun ɗauki maganar a matsayin zagi, domin karɓarta na nufin su yarda hannuwansu sun kashe mata. Ban da haka, a lokacin ba a tabbatar da cewa ƙwayoyin cuta ne ke kawo ciwo ba, shi kansa Semmelweis ɓurɓushin gawa yake kiran abin, saboda haka ya kasa bayyana yadda yake aiki a jiki. Maigidansa Klein bai so shi ba, ga kuma tawayen da mutanen Hungari suka yi wa Ostiriya a 1848 ya sa ana yi wa 'yan ƙasarsa kallon zargi. Da wa'adin aikinsa ya ƙare a Maris na 1849 aka ƙi sabunta masa. A 1850 ya tattara ya koma gida ko sallama da abokansa bai yi ba.

A garin Fes ya karɓi sashen haihuwa na asibitin Rokus ba tare da albashi ba. Daga 1851 zuwa 1855, cikin haihuwa 933 mata 8 kaɗai zazzaɓin ya kashe. A 1855 ya zama farfesa a jami'ar garin. Sai dai shi ma yana da nasa rauni. Ya yi nawar rubutu, littafinsa a kan cutar bai fito ba sai 1861, shekara 14 bayan bincikensa. Da aka soki littafin sai ya fusata, ya shiga rubuta wa manyan farfesoshi buɗaɗɗun wasiƙu yana kiransu masu kisan kai. Gaskiya tana tare da shi, amma zafin harshensa ya ƙara nisanta su. Daga baya hankalinsa ya fara taɓuwa. A ƙarshen Yuli na 1865 aka kai shi gidan mahaukata a Biyana, masu gadi suka doke shi, rauni a hannunsa na dama ya ruɓe, dafi ya shiga jininsa. Ya mutu ran 13 ga Agusta, 1865, yana da shekara 47, da irin cutar da ya ƙare rayuwarsa yana yaƙa.

Bayan mutuwarsa gaskiya ta yi halinta. A 1867 Joseph Lister na Birtaniya ya bayyana hanyar kashe ƙwayoyin cuta wajen tiyata. A 1879 Louis Pasteur na Faransa ya nuna ƙwayar cutar a jinin matan da ke da zazzaɓin jego. A 1936 Leonard Colebrook ya nuna a Landan cewa maganin Prontosil na warkar da cutar, daga baya kuma fenisilin ya zo. A 1969 aka sa wa jami'ar likitanci ta Budafes sunan Semmelweis.

Hanyarsa ta ƙirga da kwatantawa ta iso ƙasarmu. A asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa sun bi diddigin haihuwa 22,774 tsakanin 1976 da 1979, aka buga rahotonsu a 1985. Sun gano matan da ba su je awon ciki ba, waɗanda sai abu ya ɓaci ake kawo su, su suka fi mutuwa nesa ba kusa ba, kuma matan da suka yi makaranta sun fi tsira.

Na ga wannan da idona a layinmu na Fagge. Wata amarya ta haihu a gida lafiya, a kwana na uku zazzaɓi ya kama ta. Wasu suka ce kambun baka ne, wasu suka ce ruwan wankan jegon ne bai yi zafi ba. Aka yi ta jiƙe-jiƙe, sai da ta daina magana aka nemi mota, aka yi suna babu uwa. Alamun da ta nuna, watau zazzaɓi da rawar ɗari da ciwon mara da jini mai wari, su ne alamun da Semmelweis ya gani a Biyana, kuma yau akwai maganinsu a asibiti idan an je da wuri.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, maza da mata, mu kai wannan ilimi gida. Sabulu na nan a kasuwar Sabon Gari da kowane kanti, ruwa kuwa ko na 'yan ga-ruwa ne, a tafasa shi. Mu roƙi iyayenmu da ladabi su ga cewa duk mai karɓar haihuwa ta wanke hannu sosai, a shimfiɗa tsabtataccen zane, mai ciki ta je awo, mai jego kuma idan jikinta ya yi zafi a kai ta asibiti a ranar. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Waɗanda Allah Ya nufa za su zama likitoci da nas-nas da ungozomomi a cikinmu, ina fata su riƙa rubuta abin da suka gani suna ƙirgawa kamar Semmelweis, su kuma faɗi gaskiyar da suka gano da harshen da jama'a za su saurara.