Muhammadu Durugu, Babban Gwani

A birnin Zariya akwai wata unguwa da a ke kira Babban Gwani. Asalin wannan suna sarauta ce ta shugaban magina. Mutumin da ya ɗaukaka ta kuwa, har ta zama kamar sunansa na yanka, shi ne Muhammadu Durugu, wanda waɗansu ke kira Malam Mika'ilu. Ya yi zamani a ƙarni na 19, bayan jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, sa'ad da sarakuna ke gina sababbin masallatai da gidajen sarauta.

Babban aikinsa shi ne Masallacin Jumma'a na Zariya. Ya gina shi a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Bai yi aiki da siminti ko kwano ba. Kayan aikinsa, kowane yaro a Ƙaura Namoda ko Shinkafi ko Zurmi ya san su, watau jar ƙasa cuɗaɗɗiya da ciyawa, da tubalin da rana ta busar, da azara.

Azara itacen giginya ce da aka tsaga, gara kuwa ba ta cika cinta ba. Amma ƙarfinta yana da iyaka. In ɗaki ya yi faɗi ƙwarai, sai ta lanƙwashe don nauyin ƙasar rufi. To, ƙaƙa za a rufe ɗakin da jama'ar birni za su yi salla a ciki? Dabarar ita ce bakan gizo. Magini ya kan kafa azara cikin bango ta ɗan sunkuyo, ya ɗaura wata bisanta ta zarce ta kaɗan, ya lulluɓe su da ƙasa, ya dakata su bushe, sa'an nan ya ƙara. Haka zai yi a ɗaya bangon, har su gamu a sama. Ba Durugu ya ƙago wannan ba, amma ba a sami wanda ya kai shi ba. Ya tayar da bakuna bisa manyan ginshiƙai, ya ɗora musu tulluwa, har mai shiga ya ɗaga kai ya manta ƙasa ce.

Abokin gāban ginin ƙasa ruwan sama ne. Saboda haka magina su kan shafe bango da makuba, wadda a ke samu daga ɓawon ɗorawa, su shafe rufi da laso, wanda a ke haɗawa da katsin marina. Irin wannan gini yana da sanyi da bazara, da ɗumi da hunturu, muddin ana yi masa yaɓe a kan kari.

Sunansa ya kai nesa. Ana danganta masa Gidan Madaki na Kafin Madaki a ƙasar Bauci, wanda gwamnati ta sa cikin kayan tarihi a 1956. Ana kuma ba da labari wai Sarkin Birnin Gwari ya sa an kashe shi bayan ya gama masa gini, don kada wani sarki ya sami irinsa.

A shekarun 1970 aka kewaye masallacin Zariya da sabon gini na siminti, aka bar bakunansa a ciki. Ran 11 ga Agusta 2023, ana cikin sallar la'asar, wani sashe na rufin ya rufta, masallata da dama suka rasu.