Louise Little: Uwar da hukuma ta raba da 'ya'yanta da sunan taimako

Da wuya a sami mai bibiyar tarihin baƙaƙen fatar Amurka da bai san Malcolm X ba, wato Alhaji Malik El-Shabazz. Sai dai kaɗan ne suka san matar da ta haife shi, wadda ta shafe shekaru tana fafutukar riƙe 'ya'yanta a gabanta, hukuma kuma ta fi ƙarfinta.

An haifi Louise Langdon a ƙauyen La Digue da ke tsibirin Grenada, a yankin Karibiyan, cikin shekarun ƙarshe na ƙarni na 19. Ta tashi a hannun kakanninta, Jupiter da Mary Jane Langdon, waɗanda aka kamo daga Afirka ta Yamma, sojojin ruwan Birtaniya suka kuɓutar da su daga jirgin bayi. Tarihin zuri'ar na danganta asalinsu da ƙasar da a yau ake kira Najeriya. Louise ta yi karatu, tana jin Turanci da Faransanci, ta kuma iya ɗinki.

A 1917 ta yi ƙaura zuwa birnin Montreal na ƙasar Kanada, wurin kawunta. A can ta shiga ƙungiyar Marcus Garvey mai kiran baƙar fata su dogara da kansu, a can kuma ta haɗu da Earl Little, suka yi aure a 1919. Daga nan suka koma Amurka, suka zauna a Philadelphia, sannan Omaha, inda aka haifi Malcolm a 1925. Louise ce ke rubuta rahoton reshen ƙungiyar tana aika wa jaridar Negro World. A gida kuwa takan sa yara su karanta mata jarida da ƙarfi, wanda ya yi tuntuɓe da wata kalma ta tura shi ga ƙamus.

Barazanar masu aƙidar fifita farar fata ta yi ta korar iyalin daga gari zuwa gari, har suka yada zango a Lansing ta jihar Michigan. A 1929 gobara ta cinye gidansu. A watan Satumban 1931 aka tsinci Earl a kan layin jirgin ƙasa na cikin gari, jirgi ya taka shi, bai daɗe ba rai ya yi halinsa. Hukuma ta ce haɗari ne, iyalinsa kuwa suka yi imani kashe shi aka yi. Kamfanin inshorar da ya kamata ya biya kaso mafi tsoka ya ƙi biya, bisa da'awar wai mamacin ne ya kashe kansa.

Haka Louise ta wayi gari da marayu bakwai, a daidai lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe. Ta kama ɗinki da aikatau a gidajen Turawa. Da yake fara ce sol, wasu kan ɗauke ta aiki suna zaton Baturiya ce, da zarar sun gane asalinta sai su sallame ta. Da tura ta kai bango, ta karɓi tallafin gwamnati, abin da tarbiyyarta ta dogaro da kai ta ƙi jini.

Tallafin bai zo shi kaɗai ba. Jami'an jin daɗin jama'a suka mai da gidanta wurin zuwa, suna leƙe-leƙe, suna keɓe yara ɗaya bayan ɗaya suna yi musu tambayoyi a kan uwarsu. Ita kuwa ba ta yi shiru ba. Takan tsaya ta shaida musu cewa ita ba yarinya ba ce, ta san yadda za ta reni abin da ta haifa. Wannan tsayin daka shi suka ɗauka a matsayin taurin kai. Ko da ta ƙi karɓar naman alade da aka ba ta kyauta, saboda imaninta ya hana ta cinsa, sai aka mai da hakan hujjar cewa hankalinta ya taɓu. Lokacin da yunwa ta sa Malcolm ɗauke-ɗauke a kantuna, laifin ya koma kanta, aka fara shirin kai shi riƙo wani gida.

A 1938 ta haifi ɗa na takwas, Robert, bayan mutumin da ta sa ran zai aure ta ya gudu ya bar ta. Talauci da kaɗaici da matsin jami'ai suka haɗu suka karya ta. A farkon 1939 kotu ta ba da umarnin a kai ta asibitin masu taɓin hankali na Kalamazoo. Manyan 'ya'yanta biyu, Wilfred da Hilda, suka ci gaba da zama a gida, sauran aka rarraba su gidajen riƙo ƙarƙashin ikon kotu.

Shekara 24 ta yi a bayan katangar asibitin. Yaran sun girma a warwatse, amma zumuncin da ta dasa musu bai mutu ba. Su ne suka haɗa kai suka bi hanyoyin hukuma har aka sallame ta a 1963, ta koma cikin iyalinta da hankalinta. Shekara guda bayan haka Malcolm ya sauke farali, ya ziyarci Najeriya, inda ɗalibai Musulmi a Jami'ar Ibadan suka raɗa masa suna Omowale, wato ɗa ya dawo gida. Tana raye aka harbe shi a Fabrairun 1965.

Malcolm bai taɓa yafe wa jami'an nan ba. A tarihin rayuwarsa ya ɗora musu alhakin rushewar gidansu, yana ganin sun ɗauki mahaifiyarsa lamba ce kawai a cikin fayil. Babu mai musun cewa yaran na cikin yunwa, kuma hukuma na da haƙƙin dubawa. Amma abin da gidan ke buƙata shi ne abinci da aikin yi da haƙƙin inshorar da aka danne, ba a raba uwa da 'ya'yanta ba.

Louise Little ta ƙarasa rayuwarta a Woodland Park ta jihar Michigan, kusa da 'yarta Yvonne da jikokinta. Ta rasu a 1989, tana da shekara fiye da 90 a duniya.